Abin da muka tattaro kan ƙarancin ruwan nono

Jiya mun je barka gidan ƙanwata nan Jidda, kwananta 4 da haihuwa tana ta kuka wai nonon ba ya zuwa, shi ne hira ta ɓarke tsakanin mata.

Wata goggonmu da ta girma a Mai Wurno ta ce a dama mata madidar hulba, wato kunun hulba, irin ta Sudan, wasu suka ce kunun gyaɗa da dabino. Ba laifi, maijego ta ci ta ƙoshi ta sha ruwa. Amma wadda ta fi kama min hankali wata nas ce cikinmu, ta ce nono tsotso ne ke kawo shi, a sa yaro sau 8 zuwa 12 a yini har da dare, ya kama baƙin wajen nan da ke kewaye da kan nono sosai ba kan kaɗai ba, in ya yi barci a tatse. Dakashin farko ɗan kaɗan ne dama, kuma ya ishe shi. Kar a ba shi ruwa kafin wata 6, duk zafin garin nan.

Kunun kanwa kam ta ce a rage, gishirinsa na wahalar da zuciya.

In bayan kwana 5 bai jiƙa famfas 6 a rana ba, ko ya yi laushi baya tsotso, a kai shi asibiti ranar.