Muhawara: Shin gero ne ke kawo maƙoƙo?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Raina a ɓace yake, domin ƙanwata ta daɗe tana fama da maƙoƙo, sai yanzu likita ya ce jikinta ba ya samun isasshen sinadarin aidin, wanda da shi ne tayirod, wata 'yar gaɓa da ke gaban wuya, ke haɗa tayirokzin, sinadarin da ke daidaita aikin jiki. Ya ƙara da cewa yawan gero na iya tsananta kumburin. Ashe guba muke sha da sunan fura da kunu?

Manomi daga Gumel: Malam, ka janye kalmar guba. Da gero aka yaye ka, da shi aka yaye mahaifinka, kuma ban ga maƙoƙo a wuyan kowa a gidanmu ba.

Ma'aikaciyar jinya daga Zariya: Baba, a yi haƙuri. An lura a yankin Darfur na Sudan cewa maƙoƙo ya fi yawa inda gero ne kusan dukkan abincin mutane, amma illar tana fitowa ne idan aidin ya yi ƙaranci. Baligi na buƙatar mikrogiram 150 na aidin a rana (mikrogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), mai juna biyu 250, shi ya sa Najeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1993.

Manomi daga Gumel: 'Yata, ni tambayata ɗaya ce: guba ne ko ba guba ba ne?

Ɗalibi daga Kano: Idan guba ake nema, a duba rogo, wanda ke da gubar sayanayid in ba a jiƙa shi an sarrafa shi da kyau ba, kuma abin da jiki ke mayar da sayanayid ɗin yana hana tayirod ɗaukar aidin.

Mai sayar da garin kwaki: Ƙanena, ka bar rogo a inda ka gan shi. Ku ne kuke cika shagona da daddare idan kuɗin makaranta ya ƙare.

Hajiya daga Damagaram: Ni dai gishirin Bilma na gada, kuma ba zan musanya shi da na leda ba, ko me aka zuba masa.

Ma'aikaciyar jinya: Hajiya, ko mai aidin ɗin ma, idan aka baza shi a tire a rana da laima, aidin ɗin yana raguwa.

Mai buɗe zance: Har yanzu ba wanda ya ce mini ko ƙanwata ta daina shan fura.

Shugaban zaure: Na karanta duka, kuma abin da ya bayyana shi ne gero ba shi da laifi, rogo ne ya kamata a bincika, sannan mai buɗe zance ya nemi afuwar manoma. Maganar gishiri a ajiye ta. Masu odar gero kuma su tura mini saƙo kafin kasuwar Dawanau ta tashi. An rufe zance.