Muhawara: Moto mara buroshi zai kori sitefa daga injin CNC haɗin gida?

Nura Mai Walda, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Zan ajiye wata magana a zauren nan, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. Ni a ganina zamanin sitefa, wato moton da ke juyawa taku-taku, ya wuce a injinan CNC, masu yanka da umarnin kwamfuta, da muke haɗawa da hannunmu. Duk wanda zai fara sabon inji yau, ya nemi moto mara buroshi, irin na jirgi mara matuƙi ko na hobabod (allon hawa mai taya biyu da batir), ya ɗaura masa enkoda mai ƙirga juyawarsa, ya haɗa shi da allon tuƙa moto na ODrive, shi ke nan ya samu sarbo, wato moto mai sanin inda yake, da kuɗi kaɗan. Dalilina shi ne sitefa makaho ne. Ka ce ya yi taku 200 ya cika zagaye ɗaya, in wani abu ya tare shi ya yi 190, shi bai sani ba, kwamfutar ma ba ta sani ba, haka za a ci gaba da yanka a karkace. Teburina na filasma, mai yanka ƙarfe da tocin wuta, ya sha ɓata min farantin ƙarfe a tsakiyar zanen ƙyauren get. Sarbo kuwa a kowane lokaci ya san inda yake, in ya kauce ya dawo. Ga gudu, ga rashin ƙara, ga shi ba ya yin zafi in yana tsaye.

Malam Habibu Kafinta, Kano:
Wa alaikumus salam. Nura, kafin ka binne sitefa, faɗa min: direba me kake amfani da shi, wato allon da ke tuƙa moton, kuma wutar nawa kake ba shi?

Nura Mai Walda, Kaduna:
TB6600 ne Malam, a kan 24V. Moton sitefa ne mai girman NEMA 23.

Malam Habibu Kafinta, Kano:
To ga inda gizo ke saƙar. Ka bai wa NEMA 23 wutar 24V sannan kana neman ya yi gudun filasma. Ni injina na sassaƙa katako DM542 ne a kansa da 48V, ƙofofi da kan gado nake fitarwa kullum, kuma ba ya zubar da taku. Sitefa in ya zubar da taku, yawanci abu uku ne: wuta ta yi masa kaɗan, ko an cika masa saurin tashi a saiti, ko layin dogon da yake bi yana cijewa. In layinka na cijewa, ko sarbon Yaskawa ka sa, cijewar tana nan.

Usman Ɗalibi:
Don Allah manya ku yi haƙuri, me ya haɗa yawan wuta da zubar da taku? Na ɗauka ƙarfin moton da aka rubuta a jikinsa shi ne ƙarfinsa.

Injiniya Rabi'atu:
Usman, abin da aka rubuta a jiki, misali 2 Nm ko 3 Nm (ma'aunin ƙarfin murɗa), ƙarfin riƙo ne, wato lokacin da moton yake tsaye cak. Da ya fara gudu ƙarfin sai ya riƙa sauka. Sitefan da muke saya haƙora 50 ne a jikin abin da ke juyawa a cikinsa, don haka a zagaye 1000 cikin minti, wutar da ke koyil ɗinsa sai ta juya gaba da baya kusan sau 833 a daƙiƙa ɗaya. Koyil ba ya barin wuta ta cika shi nan take, kafin ta cika an riga an juya ta. Ƙara ƙarfin wutar daga 24V zuwa 48V shi ke sa ta cika da wuri. Moton da Nura ke magana a kai, misali samfurin 6374, maganaɗisu 14 ne a jikinsa, wato biyu-biyu sau 7, a wannan gudun juyin wutarsa bai wuce 117 a daƙiƙa ba. Shi ya sa yake riƙe ƙarfinsa har zuwa dubban zagaye. A nan Nura yana da gaskiya, kuma sarbon masana'antu na Delta da Yaskawa duk marasa buroshi ne masu enkoda. Tunanin ba baƙo ba ne.

Amma Nura, ga inda na rabu da kai. Moton jirgi an yi shi ne don gudu, injinmu kuwa ƙarfin murɗa yake nema a ƙaramin gudu. Akwai lissafi mai sauƙi: raba 8.27 da lambar KV ta moton, wato zagayen da yake yi a minti a kan kowane 1V, za ka sami ƙarfin da yake bayarwa a kan kowace amfiya. Mai 150KV zai ba ka kamar 0.055 Nm. Kafin ka sami 2 Nm ɗin da NEMA 23 ke bayarwa da amfiya 3 ko 4, shi sai ya sha kusan amfiya 36. Sannan a 48V yana iya kai zagaye 7000 a minti, alhali sukurun 1605 da yawancinmu ke sawa, mai tafiyar milimita 5 a zagaye, a zagaye 1000 ma ya riga ya ba ka mita 5 a minti, kuma in dogo ne sai ya fara karkarwa tun ba ka je ko'ina ba. Ka ga ka sayi gudun da ba za ka mora ba. Mafita ita ce bel da fuli, ka rage gudun kashi huɗu, amfiya 36 ta dawo 9. Yana yiwuwa sarai, sai dai ka ƙara fuli biyu da bel da boris da mazauninsu a kowane layi, kuma duk kuɗi ne da ba ka sa a lissafinka ba.

Nura Mai Walda, Kaduna:
Na gode Injiniya, amma ai shi ya sa na ambaci hobabod. Moton tayarsa KV ɗinsa kusan 16 ne, da lissafinki ma rabin Nm ke nan a kowace amfiya, babu buƙatar rage gudu. A 36V yake aiki. Kuma matattun hobabod suna nan a wajen 'yan gwangwan, batir ne ke mutuwa ko allon, moton lafiyarsa ƙalau. A Panteka in ka sa ido za ka samu.

Injiniya Rabi'atu:
Ƙarfi kam yana da shi. To da me zai ga hanya? Na'urorin Hall uku masu jin maganaɗisu da ke cikinsa matsayi 90 kaɗai suke iya bambancewa a zagaye. A kan sukuru mai milimita 5, kowane matsayi ya haura 0.05 na milimita, alhali cikakken takun sitefa 0.025 ne tun kafin a rarraba shi. In kuma bel ne, abin ya fi muni. Dole ka sa enkoda ta gaske, kamar AMT102 mai ƙirga 8192 a zagaye, ko AS5047P mai karanta maganaɗisu. Kuma a moton hobabod sandar tsakiya ce a tsaye, gangar jikin ce ke juyawa. Sai ka ƙera mazaunin da zai riƙe enkodar daidai tsakiyar murfin, in ta ɗan kauce karatunta ya lalace. Sannan gangar tana da nauyi, tsayar da ita da juyar da ita baya a kusurwar zane ba wasa ba ne.

Isuhu, Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni ina bayan Nura a wani ɓangare da ba a taɓo ba, wato wuta. Shagona kan sola da batir yake. Sitefa ko yana aiki ko yana tsaye yana shan wutarsa, ka taɓa shi ka ji zafi. Sarbo abin da aikin ya nema kawai yake ja. Ga wanda ke ƙirga kowace awa ta batir wannan babban abu ne. Har ila yau, in sarbo ya taka birki wuta yake mayarwa baya. Mai amfani da akwatin wuta na kanti dole ya sa rizistan birki ya ƙone ta, in ba haka ba wutar ta hau allon ya kashe kansa. Mu masu batir 48V, batirin ne ke shanye ta.

Injiniya Rabi'atu:
Haka ne Malam Isuhu, sai dai kar ka cire rizistan. Ranar da batirin lithiyom ya cika, allon kariyarsa ya yanke caji, wutar ba ta da wurin zuwa.

Malam Habibu Kafinta, Kano:
Akwai abin da ku masu lissafi ba ku faɗa ba, ni da nake share shago na sani. Moton jirgin nan a buɗe yake, kana hango koyil ɗinsa, saboda an yi shi ne iskar farfela ta riƙa sanyaya shi. A jikin inji babu farfela. Ni garin katako ne zai cika shi, kai kuwa Nura garin ƙarfe ne, ga maganaɗisu masu ƙarfi a ciki suna kiransa. Shagon walda da gurza, a sa buɗaɗɗen moto a ƙarƙashin teburin filasma? Ƙara da ƙurar hunturu. Sitefa a rufe yake ruf. In ka rufe naka kuma zafi ya kama shi, sai ka nemo fanka da matata.

Sai maganar gyara. Yau direbana ya ƙone, gobe na ɗaura wani, wayoyi huɗu na moto, na daidaita 'yan makunnan jikinsa, na koma aiki. Yaron shagona ma zai iya. Allon ODrive in ya ƙone sai ka yi oda daga waje ka zauna jira, mai ƙofa kuma yana kiran waya.

Bashir, mai kula da zaure:
Jama'a muhawara ta yi daɗi, a ci gaba cikin mutunci. Ga sababbin shiga: ODrive allo ne da Oskar Weigl ya fara wajen 2016, ya saki zane da manhajar nau'o'insa na farko kyauta, nau'in 3.6 yana tuƙa moto biyu kuma akwai mai ɗaukar har 56V. Akwai kuma VESC, wani allon tuƙa moto na Benjamin Vedder daga Suwidin, wanda aka fi sani a allon sulu mai lantarki, da manhajar SimpleFOC ga masu ƙaramin allon Arduino.

Nura Mai Walda, Kaduna:
Malam Habibu, maganar garin ƙarfe ta shige ni, zan yi wa moton gida. Amma har yanzu ba wanda ya rushe asalin hujjata. Sarbo ya san inda yake, sitefa bai sani ba.

Injiniya Rabi'atu:
Wannan ce maganar da na fi so mu tsaya a kanta, domin ita ke sa mutane kashe kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba. Enkoda sandar moto take gani, ba bakin tocin da ke yanka ba. In bel ɗinka ya saki, ko fuli yana zamewa a kan sanda, ko notin sukuru ya yi lako-lako, ko gadar injin tana lanƙwasa, enkoda za ta ce komai daidai ne alhali yankan ya kauce. Ƙirga 8192 ba ta gyara firam ɗin da walda ta ja shi gefe.

Na biyu, wa ya sani? Direban ne ya sani, ba kwamfutar ba. Manhajar tuƙa inji ta GRBL da ke kan Arduino Uno bugun taku kawai yake aikawa, iyakarsa wajen 30,000 a daƙiƙa, ba ya karɓar labarin inda moto yake. In allon ya ga matsala ya saki moton layi ɗaya, sauran layukan za su ci gaba da tafiya, farantin ya lalace kamar dā, sai fa in ka ja waya daga allon zuwa abin da zai dakatar da aikin. A layin sama da ƙasa kuwa, in moto ya saki, kan injin na iya sulalowa ya faɗa kan aiki. In kana son kwamfuta da kanta ta riƙa bin sawun kuskuren, manhajar LinuxCNC ce da katin Mesa mai haɗa kwamfutar da injin, wannan kuma wani karatun ne.

Na uku, saiti. Sarbo sai an daidaita masa yadda zai mayar da martani. Ka yi masa sanyi ya riƙa zuwa a makare yana zagaye kusurwa, ka yi masa zafi ya kama rawa da kuka. Filasma ma tana watsa hayaniyar lantarki mai yawa, musamman mai tashi da babban mita, kuma siririyar wayar enkoda ita ce farkon abin da take rikitawa. Moto mai iya jan amfiya 40 in ya karɓi karatun ƙarya, da gudu zai tafi. Maɓallin tsayawar gaggawa mai yanke wutar moto gaba ɗaya wajibi ne, ina roƙonka kar ka kunna ba tare da shi ba.

Usman Ɗalibi:
To Anti, babu wani abu a tsakani?

Injiniya Rabi'atu:
Akwai. Sitefa mai enkoda a bayansa, da direba irin HBS57: in ya kauce ya gyara, in ya kasa ya ba da ƙararrawa ta wayar da aka tanada. Akwai kuma iHSV57 na JMC, shi sarbo ne mara buroshi a rufe, direbansa a jikinsa, mazauninsa ɗaya da NEMA 23. Mai wat 180 yana kai zagaye 3000 amma ƙarfinsa wajen 0.6 Nm ne, shi ma yana son a rage masa gudu da bel.

Isuhu, Maraɗi:
Amma a yi wa Nura adalci. Injin Malam Habibu yana tura ƙarfe cikin katako a hankali, sitefa ya dace da shi. Filasma ba ta taɓa farantin, kan nata ba nauyi, kuma a siririn faranti gudu take so, in ka yi jinkiri a kusurwa ta cinye ta. Irin wannan aikin, da na lesa, nan ne mara buroshi ke nuna kansa.

Nura Mai Walda, Kaduna:
Na janye "duk wanda zai fara sabon inji", amma a kan filasma ina nan a kan bakana. Ga abin da zan yi: layin da ke ɗauke da tocin kaɗai zan mayar mara buroshi, 6374 da bel mai rage kashi huɗu, sauran na bar su a sitefa na ɗaga musu wuta zuwa 48V da sabon direba kamar yadda Malam ya ce, tunda TB6600 ba zai ɗauka ba.

Malam Habibu Kafinta, Kano:
Madalla. Amma ka fara canza direban da wutar a duka layukan, ka yanka murabba'i da da'ira a faranti ɗaya, ka auna da baniya, ma'aunin nan mai zamewa, ka rubuta. Bayan ka ɗaura sarbon ka sake yanka su a gudu iri ɗaya. In ka canza biyun a lokaci guda ba za mu san wanne ya yi aikin ba.

Injiniya Rabi'atu:
Kuma wayar enkodar ta zama mai rigar kariya, ka bi da ita nesa da wayar tocin. In ka zo saiti ka turo min hoton yadda moton ke bin umarni, mu duba tare kafin ka ɗaura bel.