Neman kalma: me za mu kira "istihbarat diplomasisi"?

Malamaina, ina neman agaji. Jiya ina fassara labari kan Hakan Fidan, ministan harkokin wajen Turkiyya, na ci karo da abin da Turkawa ke kira "istihbarat diplomasisi". Na rubuta "diflomasiyyar leƙen asiri", da na karanta a bayyane sai editanmu ya ɗago kai daga kwamfuta ya ce, "Ɗan wace ƙasa aka kama?" Nan take na goge.

Kalmar tana da tushe a tarihin mutumin. Fidan soja ne tun farko, ya riƙe hukumar agaji ta TIKA daga 2003 zuwa 2007, sannan ya shugabanci hukumar leƙen asiri ta MIT daga 2010 har 2023, shekarar da aka ba shi minista. Shekara 13 yana magana da waɗanda gwamnatinsa ba ta gaisawa da su a fili. Ku duba Masar: dangantaka ta lalace a 2013, jami'an sirri ne suka fara zama kafin ministoci, sai a Yulin 2023 aka mayar da jakadu.

Ahmet Davutoglu, da ya riƙe kujerar ministan harkokin wajen daga 2009 zuwa 2014, malamin jami'a ne. Manufarsa ta zaman lafiya da dukkan maƙwabta a bainar jama'a ya yi ta shelarta, don haka fassara shi ba ta taɓa ba ni wahala ba. Fidan kuwa bakinsa da nauyi.

Wata yayata a aikin ta ce "ta ƙarƙashin ƙasa". Yaya, ki gafarce ni, wannan tana warin maƙarƙashiya, alhali shugaban ƙasa da kansa ke tura su. Wani dattijo ya kawo "biko". Ta taɓa zuciyata, domin ɗan biko ma da dare yake sallama, ya lallashi wanda aka ɓata wa rai. Amma Baba, biko na yaji ne, ba zai ɗauki musayar fursunoni ko maganar tsaro ba. A Yulin 2024 da Fidan ya je Yamai, har da ministan tsaro da shugaban MIT a tawagarsa, kuma babu yajin da ke tsakani.

Inda na tsaya: "diflomasiyyar bayan fage ta jami'an sirri" a ambaton farko, daga nan "diflomasiyyar bayan fage" kawai. Mai wadda ta fi gajarta ya taimaka kafin labaran yamma.