Me ya sa jan kofunan yumɓun Rumawa bai dushe ba har yau?

Ɗalibar Tarihi: Assalamu alaikum, malamai. Ina neman ƙarin haske game da jajayen kofuna da kwanonin sha na Rumawa da masana ke kira terra sigillata. Sun shafe kusan shekara 2,000 a binne, amma da an wanke su sai su riƙa ƙyalli. Fenti aka shafa musu, ko ruwan gilashi ne irin na tangaran?

Mai Binciken Kufai: Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Babu ko ɗaya daga cikinsu. Magini yakan dama yumɓu da ruwa, ya bari yashi ya kwanta, sannan ya ɗebi lallausan ruwan saman ya tsoma kofin a ciki. Sauran aikin na matoya ne, inda zafi ke kaiwa wajen digiri 1,000, an kuma jera bututun laka da ke fitar da harshen wuta da hayaƙi don kada su taɓa kayan, sai ƙarfen da ke cikin yumɓun ya yi ja, saman ya kama jikin kofin ya zama abu ɗaya. Idan kika samu dama, ki duba gindin kofin da kyau, domin sau da yawa ana ganin sawun yatsun wanda ya riƙe shi lokacin tsomawa.

Baba Malami: Malam ya yi bayani mai gamsarwa. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yawansu. Sana'ar ta bunƙasa a Arezzo ta Italiya, daga baya La Graufesenque a kudancin Faransa ta karɓe kasuwa, inda aka tono farantai da magina suka zana lissafin kaya a jikinsu, tuya ɗaya tana cin kusan guda 30,000. A birnin Pompeii na Italiya ma, wanda aman dutse ya binne a shekarar 79 Miladiyya, an samu akwati ɗauke da kwanoni 90 daga kudancin Faransa ba a ko kwance shi ba.

Ɗalibar Tarihi: Na gode, Baba. Ke nan ba kayan attajirai ba ne?

Mai Binciken Kufai: Manyan attajirai da azurfa suke sha, waɗannan kuwa sojoji da masu rufin asiri ne suka fi sayensu. Duk da haka ba a raina su ba, domin a Birtaniya an tono da dama waɗanda suka fashe, masu su suka huda gefen tsagar suka ɗaure ta da dalma suka ci gaba da amfani da su.