Neman bayanan rajistar adireshin IP da sunan shafi ta umarnin whois

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Wani adireshin IP yana ta yunƙurin kutsawa cikin sabar da nake kula da ita kowane dare. Na girka whois a Ubuntu da sudo apt install whois, amma da na fara gwada shi a kan sunan wani shafi, sai na tarar an ɓoye sunan mai shi. Shin kuskure na yi?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba kuskurenka ba ne. Tun da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wato GDPR, ta fara aiki a Mayun 2018, yawancin kamfanonin rajista suka daina bayyana sunayen mutane, sai dai ranar rajista, ranar ƙarewarta da sunan kamfanin da ya yi ta.

Amsa ta biyu:
Malam, lamarin adireshin IP daban yake. Hukumomi 5 ne ke raba adireshi a duniya, kuma idan ka rubuta whois 8.8.8.8 za ka ga ARIN, hukumar yankin Arewacin Amirka, ta ba Google shi. Idan na Afirka ne, rubuta whois -h whois.afrinic.net sannan adireshin. Sai dai kamfanin intanet ɗin za ka gani, ba mai kutsen ba, don haka nemi layin abuse a cikin sakamakon, wato adireshin imel ɗin kai ƙara, ka aika musu da koke tare da lokutan yunƙurin.

Amsa ta uku:
Ƙari a kan haka, whois na amfani da tashar sadarwa (port) ta 43, wadda wasu ofisoshi ke toshewa. Idan ya ƙi amsawa, gwada curl -L https://rdap.org/ip/8.8.8.8, domin RDAP, sabon tsarin neman irin waɗannan bayanai, ta hanyar HTTPS da ake buɗe shafukan intanet da ita yake tafiya.