Neman shawara: DMR, D-STAR ko Fusion, da wanne sabon shiga zai fara?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum malamai. Ina da lasisin rediyon 'yan sha'awa (amateur radio) da alamar kira, oba-oba ta analog ce kawai a hannuna, kuma babu rifita (tashar da ke karɓar sigina ta sake watsa shi nesa) a garinmu. Ina so in shiga harkar murya ta dijital ba tare da na yi asarar kuɗi ba. Da wane tsari zan fara, kuma me da me zan saya?

Mai_Eriya:
Wa alaikumus salam. Abu na farko, tsarukan nan uku ba sa jin maganar juna kai tsaye. D-STAR ƙungiyar JARL ta Japan ce ta tsara shi, rediyoyinsa galibi na Icom ne sai 'yan kaɗan na Kenwood, kuma suna da tsada. Fusion na Yaesu ne, ya fito a 2013, shi ya fi sauƙin saiti: ka sa alamar kiranka a rediyonsu irin FT-70D, ka sa mita, shi ke nan. DMR kuwa hukumar ETSI ta Turai ta fitar da shi a 2005 domin kamfanoni, shi ya sa masu ƙera rediyonsa suka yi yawa, farashi ya sauko. Idan aljihu ne ma'auni, DMR za ka ɗauka.

Tunda babu rifita, dole sai da hosfot, wato ƙaramar na'urar da ke haɗa rediyonka da intanet. Kayan haɗinsa: ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi Zero 2 W, allon MMDVM (ɓangaren rediyon hosfot ɗin) mai eriya ɗaya, memori 8GB ko 16GB, da caja mai volt 5, amfiya 2 zuwa sama. Ka zuba manhajar da ke tafiyar da hosfot, Pi-Star ko WPSD, a memorin. Rediyo kuma TYT MD-UV380 ko Retevis RT3S sun wadatar. In da hali, Anytone AT-D878UVII Plus. Ka tabbata an rubuta Tier II (nau'in DMR da rifita da hosfot ke aiki da shi) a bayaninsa, kuma kebul ɗin saiti na cikin kwali.

Kafin kaya su iso, je RadioID.net ka ɗora hoton lasisinka a ba ka lambar DMR mai alƙalami 7. Ta Najeriya da 621 take farawa, ta Nijar da 614. Sannan ka buɗe asusu a BrandMeister, cibiyar da ke haɗa masu DMR ta intanet, ka saka kalmar sirrin hosfot a shafinka. Mutane da yawa a nan suke maƙalewa: in ba ka kwafe wannan kalmar cikin Pi-Star ba, sabar ba za ta karɓe ka ba.

Dattijon_Shago:
Malam ya yi bayani, amma kada a raina wahalar kodfulog, wato fayil ɗin saitin da ake zuba wa rediyo, nan ne DMR ke karɓar kuɗin arahar da ya yi maka. Da ka haɗa rediyo da kwamfuta, fara karanto abin da ke cikinsa ka adana kwafi kafin ka taɓa komai. Manhajar saitin kuma ta yi daidai da famwaya, wato manhajar da ke cikin rediyon. In suka saɓa, rubutu na iya tsayawa a rabi ko rediyon ya rikice.

Jerin aikin ba ya canzawa: lambar DMR ɗinka, sai zaurukan hira (TG), sai tashoshi, sai ka zuba tashoshin cikin zon, wato rukunin tashoshi. Tashar da ba ta cikin zon ba za ta fito a fuskar rediyo ba, ko da ka cike ta daidai. A hosfot mai eriya ɗaya, mitar aikawa da ta karɓa ɗaya ce; a saitin tashar ka sa 1 a gurbin CC (Color Code), 2 a gurbin silot. Zaɓi mita a cikin 430 zuwa 440 MHz gwargwadon abin da lasisinka ya yarda, amma ka nisanci 435 zuwa 438, wurin tauraron ɗan'adam ne. Tashoshi uku sun ishe ka a farko: 9990, TG 91 na duniya, da 4000 mai cire ka daga zaure. Ita 9990 aku ce, tana maimaita maka muryarka, kuma a matsayin kiran mutum ɗaya za ka saka ta. Wanda ya saka ta a kiran rukuni zai yi ta magana shiru.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na ji ana cewa murya kan fito tana yayyankewa ko da rediyo na kusa da hosfot. Me ke jawo haka?

Dattijon_Shago:
Yawanci mitar allon MMDVM ce ta ɗan kauce da 'yan ɗaruruwan Hz. Danna maɓallin magana ka duba BER, wato yawan kuskuren da ke cikin siginar da hosfot ke karɓa, a shafin Pi-Star. Ana so ya zauna ƙasa da 1%. In ya haura, shiga saitin ƙwararru na MMDVMHost ka riƙa motsa RXOffset, mai gyara mitar karɓa, da 100 sama ko ƙasa, kana gwadawa da 9990 kowane lokaci, har ya sauko. Wasu allunan suna zuwa da adadin a rubuce a takarda manne a bayansu, da shi za ka fara. Ka kuma rage ƙarfin rediyon zuwa mafi ƙanƙanta, ka ja baya kamar taku biyar. Wat 5 a gaban hosfot mai fitar da kusan miliwat 10 kamar yi wa mutum ihu ne a cikin kunne.

In BER na da kyau amma Loss (bayanan da suka ɓace a hanya) ya hau, laifin intanet ne, rediyo ba ruwansa.

Mai_Eriya:
Ƙari a kan haka: Pi Zero ba ya ganin Wi-Fi na 5GHz, don haka in da wayarka za ka ba shi data, mayar da ita 2.4GHz. Ɗauke wuta bagatatan kuma na lalata memori, gara ka ɗora shi a fawa-bank, ka kashe shi ta shafinsa kafin ka zare kebul ɗin wuta, ka kuma ajiye kwafin saitin. A TG 91, in ka danna ka jira ƙaramar ƙarar izini kafin ka fara magana, in ba haka ba farkon alamar kiranka zai yanke. Tsakanin magana da magana ka bar daƙiƙa 3, domin wanda ke son fita daga zauren ya samu damar aika 4000.