Neman shawara: tsohon Honda CD175 ba ya riƙe caji, in mayar da shi bolt 12 ko in gyara wayarin?

Abban Husna, Badarawa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tsohon babur Honda CD175 mai silinda biyu, na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, da shi yake zuwa aiki masaƙa a Kakuri, nan Kaduna. An gyara injin da kafireta, kik ɗaya yake tashi. Caji ne ya gagare ni. Da rana yana tafiya lafiya, amma da na kunna fitila da daddare sai hasken ya yi ja, sigina ta daina kyaftawa, can kuma injin ya fara shaƙewa har ya mutu. In na ajiye shi 'yan kwanaki kuma, sai in tarar batirin ya sauka ko da sabo ne. Wayoyin cikin kan fitila duk sun bushe, an sha ɗaure su da selotef. Wani ya ce in cire komai a mayar da shi daga bolt 6 zuwa bolt 12 in huta. Masu sani don Allah a ba ni shawara, ba na son a lalata min shi.

Auwalu, Rigasa:
Wa alaikumus salam. Oga ka mayar da shi 12 kawai. Batirin bolt 6 wahalar samu gare shi yanzu, ƙwan fitilarsa ma sai ka zagaye kasuwa. Na 12 kuwa duk mai shagon kayan mashin yana da shi.

Malam Sani mai wayarin, Panteka:
Wa alaikumus salam Abban Husna. Allah ya jiƙan Baba. Kar ka sayi komai tukuna. In wayarin ya ruɓe, ko batirin mota ka ɗora masa haka zai shanye shi. Abin da ya sa injin ke mutuwa shi ne wannan babur da kwantak yake aiki (ƙarafan da ke buɗewa suna rufewa don fulogi ya ba da wuta), wutar fulogi daga batir take fitowa. Batir ya sauka, fulogi ya daina ba da wuta. Saboda haka injinka lafiyarsa lau.

Ka nemi mitar auna wuta, ko aro ne. Ka yi wa batirin caji ya cika, ka bar shi ya huta, sannan ka auna. Lafiyayyen batirin bolt 6 yana nuna wajen 6.3. Ka tayar da babur ka ɗan murɗa totur kana kallon mitar: ya kamata ta hau zuwa 6.8 ko 7 da ɗan wani abu. Ka kunna fitila ka sake aunawa. In lambar ba ta motsa ba, ko tana yin ƙasa, caji ba ya isowa.

Daga nan ka bi wayoyin da suka fito daga gefen injin. A irin waɗannan tsofaffin Honda uku ne: ruwan ɗorawa, ruwan hoda, da fara. Ruwan ɗorawa da ruwan hoda su ke tafiya kai tsaye zuwa rektifaya, wato na'urar da ke juya wutar injin ta zama irin wadda batir ke karɓa. Farar kuwa, ita mutane ba su fahimta ba. Tana ɗauke da ƙarin wutar kwail ɗin caji da ke cikin injin, amma sai ta hau har makunnin fitila, in ka kunna fitila sannan makunnin ya haɗa ta da ruwan ɗorawa. Wato da rana wani ɓangare na ƙarfin kawai babur ke ba batir, da dare ya ba da duka. In makunnin ya yi tsatsa ko farar wayar ta tsinke a hanya, fitila za ta riƙa cin batir ba mai mayar masa. Yadda ka kwatanta, ina kyautata zaton nan ciwon yake.

Saukar batir a ajiye kuma wani ciwo ne daban. Ka kashe makulli, ka cire wayar nagatif, ka sa mita ko ƙaramin ƙwan fitila tsakanin wayar da kan batirin. In ka ga wuta na bi, ka zare rektifaya ka duba ko ta tsaya.

Alhaji Garba, Unguwar Sarki:
Abban Husna, Allah ya yi maka albarka da ka riƙe abin mahaifinka. Na hau irinsa shekaru. Zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki, in aka tashi da yamma sai ka ga babura da kekuna sun cika titi maƙil, mai Honda kuwa a wancan lokacin ba ƙaramin mutum ba ne. Da bolt 6 ɗin nan muke zuwa Zariya mu dawo cikin dare. Ni dai shawarata ka bar shi yadda masu shi suka ƙera shi. Abu ɗaya zan ja kunnenka: kada ka yarda wani yaro ya cire kan batir injin yana aiki wai yana gwada caji. Nan take ƙwayayen fitila za su ƙone. Kuma ka riƙa duba ruwan batir, in ya ragu ka ƙara tataccen ruwa, ban da asid, ban da ruwan famfo.

Injiniya Bashir, Malali:
Ina tare da Malam Sani, sai dai zan ƙara bayani kan rektifayar. In ka buɗe murfin gefe ka ga wani abu mai faranti-faranti a jere kan noti ɗaya, sau da yawa da jan fenti ko ruwan lemo, to ta asali ce, ta seleniyam. An daina ƙera CD175 tun 1979, ka ga ko na ƙarshen ya haura shekara 40. Seleniyam in ya tsufa abu biyu yake yi: yana rage wutar da ke wucewa zuwa batir, kuma yana barin ta batir ta zurare baya in an ajiye babur. Alamunka guda biyu ke nan cif. In ta ƙone tana wani mugun wari, kar ka shaƙa, hayaƙin guba ne.

Madadinta ba tsada. Ka je wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo da inbata ka ce a ba ka rektifaya mai ƙafa huɗu, KBPC3510. Ƙafafu biyu masu alamar AC su za su karɓi ruwan ɗorawa da ruwan hoda, ba ruwanka da wacce ta riga. Mai alamar + ta tafi batir ta cikin fis, mai alamar – ta tafi koren waya da jikin firam. Ka ɗaure ta a kan ƙarfe don ta riƙa fitar da zafi.

Amma a lura, rektifaya juya wuta kawai take yi, ba ta ƙayyade ta. A tsarin asali batirin ne ke shanye rarar. Shi ya sa masu haɗe farar waya da ruwan ɗorawa dindindin ba tare da regileta, wato na'urar ƙayyade wuta, ba suke dafa batir a doguwar tafiya. Haka masu sa ƙwan LED: fitila ta daina cin wuta, rarar duk ta koma kan batir. In za ka yi ɗaya daga cikin biyun, sai da regileta.

Maganar 12 kuma, tana yiwuwa. Kwail mai maganaɗisu irin wannan yana iya cajin batirin 12, amma sai injin yana gudu sosai. A silo ko cikin cunkoson Kawo kusan babu abin da zai shiga. Sannan sai ka canza batir, duk ƙwayayen fitila har na cikin mitar gudu, na'urar kyafta sigina, ham, da kwail ɗin fulogi.

Auwalu, Rigasa:
Yallaɓai Injiniya, to ba sai ya ɗauko regiletar Jincheng ko Bajaj ya liƙa ba? Ga su nan birjik kuma da araha.

Injiniya Bashir, Malali:
A'a Auwalu. Da yawa daga cikin regiletocin ƙananan babura an yi su ne don kwail ɗin da gefensa ɗaya ke haɗe da bodi. Na CD175 ba ya taɓa bodi, wayoyinsa biyu duk masu wuta ne. In ka sa wadda ba ta dace ba, ko ka samu rabin caji ko ta ƙone. Wadda za a nema ita ce mai karɓar wayoyin AC biyu.

Malam Sani mai wayarin, Panteka:
Kuma in za ka sabunta wayoyin, don Allah ban da wayar gida mai sanda ɗaya, girgizar babur karya ta take yi a cikin roba ba ka gani. Ka sayi ta mota mai silli-silli, ka kankare bakin ka duba: in cikin fari ne a ƙarƙashin jan, alminiyam ce aka shafa wa tagulla, ka ajiye musu. Layin caji da na bodi ka sa mai kauri 2.5, sauran 1.5 ya isa. Ka riƙe launukan Honda yadda suke, kore bodi, ja batir, baƙi bayan makulli, don wanda zai taɓa babur ɗin bayanka. Ɗaya bayan ɗaya za ka canza, kana ɗaukar hoto kafin ka zare. Inda koren waya ke kama firam ka goge fenti da tsatsa da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli. A bolt 6, rabin bolt in ya ɓace a haɗi mai tsatsa, caji ya tafi ke nan.

Abban Husna, Badarawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna kamar yadda aka ce. A ajiye 6.2, da totur 6.3, da na kunna fitila ya sauko 5.8. Na buɗe kan fitila, sai ga farar wayar ta yi kore fatau a bakin haɗin, ina taɓa ta ta gutsure a hannuna, selotef ne kawai ke riƙe da ita. Rektifayar kuma irin mai farantin nan ce, da na zare ta ƙwan gwajin ya mutu. An sa min sabuwa mai ƙafa huɗu, an sabunta farar waya da ta bodi, an wanke makunnin fitila. Yanzu da totur yana ba da 6.9 da rana, 6.7 da fitila a kunne. Na yanke shawarar barin shi a 6 kamar yadda Baba Alhaji Garba ya ce. Saura tambaya ɗaya: batirin ruwa na bolt 6 ya yi wuya, zan iya sa irin rufaffen nan na fitilar caji?

Malam Sani mai wayarin, Panteka:
Madalla, waɗannan lambobin sun yi. Amma rufaffen batirin fitilar caji kar ka sa shi ba regileta. Ƙarami ne, ba ya jure rarar wuta, kuma ba inda za ka ƙara masa ruwa. Tafiya ɗaya zuwa Zariya sai ka ga ya kumbura. Ka sa masu kayan babur su yo maka odar na ruwa daga Kano ko Legas, ka kai musu tsohon su gwada girmansa da gidan batirin, su kuma duba gefen da + yake. In kuma ka samu regileta ta bolt 6 mai wayoyin AC biyu, to sannan za ka iya sa rufaffen, ka haɗe farar waya da ruwan ɗorawa gaba ɗaya. Kafin nan ka sa fis mai amfiya 15 kusa da kan batir, ka kuma auna sau ɗaya injin yana gudu sosai fitila a kashe. In ya wuce 7.5, ka riƙa tafiya da fitila a kunne har ka samu regiletar.